Tsohon katin girafik: wanne ya dace da kwamfutar tsofaffin gem a zafin Kebbi?

Mafi yawan matasan da ke buga PES ko God of War a waya ta manhajar PPSSPP sun san inda abin yake tsayawa. Waya ta yi zafi, batir ya sauka, yatsa ya rufe rabin sikirin. Shi ya sa wasu a Birnin Kebbi da Argungu suka fara komawa ga kwamfutar tebur, irin tsofaffin Dell da HP da wuraren buga takardu da cibiyoyin jarrabawar CBT ke sayarwa idan sun sauya sabbi. Da ita ake dawo da gem ɗin da aka tashi da su a gidajen gem: GTA Vice City na 2003, San Andreas da Need for Speed Most Wanted na 2005, PES 6 na 2006.

Kwamfutar kanta ba ta da wuyar samu. Inda kuɗi ke salwanta shi ne wajen sayen katin girafik, wato allon nan da ake sokawa a cikin madabod, wanda aikinsa shi ne zana duk hoton da ke fitowa a monita. Mutum ya kalli bidiyon wani Bature a YouTube yana yabon wani tsohon kati, ya tura kuɗi Kano ko Legas, a sako masa a mota, kaya su iso sannan ya tarar ko ramin da zai soka katin babu a kwamfutarsa.

Gem ɗin ne ke zaɓen kati

Kalmar "tsohon gem" ta ƙunshi zamani aƙalla biyu, kuma katin da ya yi wa ɗaya aiki ba lallai ya yi wa ɗayan ba.

Zamani na farko shi ne na Windows 98, daga wajen 1996 zuwa 2001. A nan ne sunan Voodoo ya yi tashe. Kamfanin 3dfx na Amurka ya fitar da Voodoo na farko a 1996, Voodoo2 a 1998, Voodoo3 a 1999, kuma yana da nasa yaren da gem ke magana da kati da shi, mai suna Glide. Gem irin su Unreal da Need for Speed II SE sun fi kyan gani ta wannan hanya. A Disambar 2000 Nvidia ta saye kadarorin kamfanin, aka daina ƙera katin. Yau Voodoo kayan masu tara kayan tarihi ne, farashinsa a dala ake faɗa, kuma samunsa a kasuwar Najeriya sai an yi sa'a ƙwarai. Ga kuma abin da masu bidiyo ba su cika faɗa ba: Voodoo na farko da na biyu ba sa aiki su kaɗai, sai an haɗa su da wani katin da zai nuna fuskar Windows. Wanda gem ɗin yake so, ba katin ba, yana iya sa ƙananan manhajoji kyauta irin su nGlide ko dgVoodoo2, waɗanda ke fassara Glide zuwa abin da katin zamani yake ganewa.

Zamani na biyu shi ne na Windows XP, daga 2002 zuwa wajen 2012. Nan ne kusan duk gem ɗin da matashin Kebbi ke kewa suke. Kuma sa'ar da aka yi, katin wannan zamani ya fi arha, ya fi samuwa, ya fi jure wahala.

Ramin madabod

Kafin a yi maganar kowane suna, sai an buɗe murfin kwamfuta an duba ramin da ke ciki. Akwai AGP, wanda ya fito a 1997, galibi launin ƙasa-ƙasa ne, ana samunsa a kwamfutocin Pentium III da yawancin Pentium 4. Akwai kuma PCI Express da ya zo a 2004, dogon rami siriri mai ɗan makulli a ƙarshe. Katin wannan ba ya shiga ramin wancan ko da an danna da ƙarfi.

AGP ma kansa iri-iri ne. Na farko yana aiki da wuta 3.3V, na baya 1.5V, kuma an yi wa bakin katin tsaga a wurare daban don kada a yi kuskure. Voodoo3 na AGP mai 3.3V ne, ba zai zauna a yawancin madabod na Pentium 4 ba. Akwai ma wasu tsofaffin katuna da tsagarsu ta ba su damar shiga ramin da bai dace da su ba, su ƙona madabod ɗin. Duk wanda kwamfutarsa Core 2 Duo ce ko Core i3, i5 na farko-farko, kamar OptiPlex 780, 790 ko 7010, ya huta da wannan ciwon kai, domin PCI Express yake da shi.

Sai tsayi. Yawancin Dell da HP na gwanjo da ke shigowa sirara ne, waɗanda ake kwantarwa a ɗora monita a kai. Babban kati ba ya shiga cikinsu, murfi ba zai rufu ba. Gajeren kati suke ɗauka, mai gajeren ƙarfen ɗauri a baya. Mai saye ya tambaya a nuna masa wannan gajeren ƙarfen tun kafin ya biya, don sau da yawa ana sayar da katin da dogon ƙarfe kawai, sai mutum ya koma wajen mai walda ana yanka ana lanƙwasawa.

Wuta da zafi

Nan ne shawarar da ta yi wa mutumin Jamus ko Kanada daidai take iya cutar da mutumin Gesse ko Tudun Wada. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, ɗakin da ke da rufin kwano kuma ya fi waje ɗumi da rana. Kati yana sanyaya kansa ne da iskar da ke cikin ɗakin. Idan iskar da kanta mai zafi ce, fanka sai dai ta yi ta ƙara a banza.

Duk wutar da kati ya ja, zafi take komawa. GeForce 8800 GT na 2007, wanda ake yawan yabo a matsayin gwarzon zamanin XP, yana jan sama da wat 100, kuma yana buƙatar wata wayar wuta daban mai baki shida daga fawa-fak. Siraran OptiPlex ba su da wannan waya, fawa-fak ɗinsu ma wajen wat 240 ne gaba ɗaya. Ramin PCI Express shi kaɗai iyakarsa wat 75, wasu ƙananan Dell ma an rubuta ƙasa da haka a jikin madabod kusa da ramin. Ana sayar da 'yar wayar da ke juya wutar hadis zuwa baki shida, amma ɗora wa fawa-fak mai shekara goma sha wani abu nauyin da ba a yi shi dominsa ba, hanya ce ta jin ƙauri.

A haɗa da yanayin wutar gari. Kebbi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma kamar sauran wurare, gidaje da yawa rabin rayuwarsu a kan ƙaramin janareta ko sola take. Mai inbata da batir biyu zai ga bambanci a fili tsakanin katin wat 50 da na wat 150, domin awannin da zai yi yana wasa ne ke raguwa. Sitabilaiza ko ƙaramin UPS ba ado ba ne a nan, tsohon fawa-fak ba ya yafe wutar da ke hawa da sauka.

To wane kati ke nan? Ga kwamfuta mai PCI Express, uku sun isa a duba. Radeon HD 7570, wanda Dell ta riƙa sakawa a kwamfutocin ofis, gajere ne, ba ya neman ƙarin waya, kuma San Andreas da Most Wanted da PES har zuwa 2013 ba sa ba shi wahala. Radeon HD 7750 na 2012 ya fi shi ƙarfi sosai a kan wat 55. Wanda ya fi su duka shi ne GeForce GTX 750 Ti na 2014: wat 60, yawancinsu ba sa buƙatar wayar baki shida, akwai gajerunsu, kuma Nvidia ta yi masa direban Windows XP. Masu tsattsauran ra'ayi za su ce wannan ai ba tsohon kati ba ne, tun da ya girmi gem ɗin da ƙarfi nesa ba kusa ba. Gaskiya ne. Sai dai katin da ke aiki da rabin ƙarfinsa ba ya ɗaukar zafi kamar wanda ke nishi, kuma a watan Afrilu wannan ya fi asali muhimmanci.

Wanda ya riga ya mallaki Pentium 4 mai AGP, yana kuma son ya tsaya a kansa, GeForce4 Ti 4200 na 2002 ko Radeon 9600 za su yi masa, GeForce 6600 GT na AGP kuma ya fi su idan ya samu. Amma ya kula da GeForce4 MX 440. Sunan ya yi kama da na Ti, cikinsa kuwa fasahar zamanin GeForce2 ce, ba shi da sashen da ke sarrafa haske da inuwa a gem na baya, har Prince of Persia: The Sands of Time ba ya tashi a kansa. Shi da FX 5200 su ne aka fi cin karo da su a tarin tsofaffin kaya, don su aka fi sayarwa a lokacinsu saboda arha.

Direba da bakin monita

Kati ba ya aiki sai da direba, wato manhajar da ke haɗa shi da Windows, kuma kowane kamfani yana da inda ya tsaya. A Windows 98, Nvidia ta tsaya a jerin GeForce 6. A XP ta kai har GTX 960. GT 1030, wanda masu shago ke son miƙa wa duk wanda ya ce yana son ƙaramin kati, ba shi da direban XP, yawancinsu kuma ba sa fitar da hoto ta tsohuwar hanyar VGA. Wannan na biyun yana da nauyi, domin yawancin monitocin gwanjo bakin VGA mai launin shuɗi suke da shi. Katin da ke da bakin DVI mai ƙananan ramuka huɗu kewaye da tsagar gefe yana karɓar ƙaramin mahaɗi ya koma VGA. Wanda ba shi da ramukan nan huɗu ba zai yi ba. Wasu katunan da aka ciro daga Dell kuma suna da wani baki mai kama da DVI, DMS-59, wanda ba ya aiki sai da wayarsa ta musamman. Idan babu wayar a cikin ciniki, katin ya zama ƙarfe.

Wani abu a gefe: Microsoft ta daina kula da tsaron XP tun Afrilun 2014, Steam ma ya daina aiki a kansa a farkon 2019. Kwamfutar XP ta gem ce kawai, ba ta shiga intanet ko manhajar banki ba. Da yawa daga gem ɗin nan suna tashi a kan Windows 10 ma da ɗan gyara.

Wajen ciniki

Lambar da aka fi yaudarar mutane da ita ita ce girman ma'ajiyar kati. "4GB ne" ba ya nufin ƙarfi. GT 730 kaɗai ya fito iri uku da suna ɗaya, kuma mai 4GB na DDR3 yana bayan mai 1GB ko 2GB na GDDR5 a gudu. Yawancin gem na 2005 ko 256MB ba sa cinyewa. Akwai kuma jabu, tsohon GTS 450 da aka sauya wa bayanan ciki yake nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Alamarsa ta farko bakin VGA a jiki, abin da katin gaske na wannan jeri ba shi da shi. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana nuna ainihin abin da ke cikin kati, tana ma rubuta gargaɗi a kan jabun da ta gane.

Idan katin yana hannu, ido ma yana aiki. Kafasita, ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a jikin allo, ya kamata kansu ya zama a shafe. Wanda ya kumbura ko ya fitar da wani abu kamar tsatsa ya gama yayi, kuma kayan farkon shekarun 2000 sun yi suna da wannan cuta. A juya fanka da yatsa a ji ko tana tafiya sumul. Allon da ya yi duhu a kusa da tsakiya, ko yake warin ƙuna, alama ce an taɓa gasa shi da iskar zafi don ya farfaɗo na ɗan lokaci. Irin wannan yakan yi mako biyu ya koma inda ya fito.

Gwajin minti biyu a shago ba gwaji ba ne. A sa gem ya yi aƙalla rabin awa, GPU-Z na buɗe ana kallon zafi. Ɗigo-ɗigo masu launi, layuka a sikirin, ko zafin da ya doshi digiri 90, duk dalili ne na fasa ciniki. Mai saye daga Argungu, wanda sai ya shiga Birnin Kebbi ko Sakkwato, ko kuma ya yi oda daga Titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja, ya nemi a turo masa bidiyon katin yana aiki ta WhatsApp, da fuskar GPU-Z a ciki, a kuma yi magana a fili kan kwana nawa yake da su na mayarwa. Kuɗin mota zuwa da dawowa kan katin da ya mutu yakan kusa kai kuɗin katin kansa.

Bayan an kawo shi gida, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar kati da ƙarfen sanyaya ya daɗe da bushewa, sai a goge a shafa sabo, masu gyaran kwamfuta suna da shi. Lokacin hunturu ƙura tana toshe haƙoran ƙarfen cikin 'yan makonni, don haka a riƙa buɗewa ana bi da busasshen burushi, a riƙe fankar da yatsa yayin da ake hura mata iska. A ɗaga kwamfutar daga ƙasa zuwa kan tebur. Gidajen da ke kusa da fadamar Rima kuma, inda damina ke kawo laima, kada a bar kati a ajiye cikin kwali a ƙasan gado, bakinsa mai ruwan zinariya yakan dushe ya daina kama ramin da kyau.