Canjin giya ba kuloci: yadda ake zaɓen sensa, da ƙarar da ke firgita unguwa

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta kai ta sauraro ba.

Kwanakin baya ina zaune bayan Magariba a Tudun Wada, nan Gusau, sai muka ji tas! tas! tas! daga bakin titi. Kafin ka ce kwabo mai ƙosai ta bar kaskonta, yara sun watse, wani dattijo har ya yar da takalminsa. Ashe wani yaro ne a kan babur. Da muka tare shi na ce, "Ƙanena, mi ka sa ma mashin ɗin nan?" Sai ya ce, "Yaya, irin na ƴan tsere ne, a YouTube na gani." Makunni ya ɗaura a jikin fedar giya, ya haɗa shi da wayar da ke kashe injin. Ya ga abin a bidiyo, amma bai san yadda yake aiki ba. Shi ya sa na ce yau sai mun zauna a kan wannan magana.

Mu fara da tambaya: me ya sa ake yanke wuta?

A cikin giyabos na babur, da na motocin tsere masu giya bi-da-bi, akwai wasu haƙora a gefen giyoyin da ke shiga cikin ramukan maƙwabtansu su riƙe. Muddin kana kan totur, ƙarfin injin yana danne haƙoran nan, ko ka taka feda ba za su saki ba. Shi ya sa muke kama kuloci mu sassauta totur. To shi ɗan tsere ba ya son wannan jinkirin. Sai aka samo dabara: a hana filogi ba da wuta na ɗan mitsitsin lokaci, ƙarfin ya sauka, haƙoran su saki, giya ta gaba ta faɗa, wuta ta dawo. Totur yana buɗe, hannu bai taɓa kuloci ba. Na'urar da ke wannan aiki ita ake kira kwikshifta.

Lokacin da ake magana a kai yakan kama daga kashi 40 zuwa 80 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya. Ƙiftawar ido ma ta fi shi daɗewa. Ku lissafa: injin da ke juyi 10,000 a minti ɗaya, a cikin kashi 60 na dubun nan sau 10 kacal zai juya. Kun ga kenan ƙafar ɗan Adam ba za ta iya auna wannan ba. Dole sai da sensa da za ta ji cewa direba ya fara tura giya, da kuma ƴar kwamfutar da za ta ƙidaya lokaci.

Neman saurin canjin giya tsohon abu ne a duniyar tsere. A 1989 kamfanin Ferrari ya fito da motar Formula 1 da ake canza mata giya da yatsu a bayan sitiyari, kuma Nigel Mansell ya ci tseren Brazil da ita a fitowarta ta farko. Yau manyan baburan BMW da Yamaha da Ducati da yawa suna zuwa da kwikshifta tun daga kamfani.

To, sensa iri nawa ce? Uku za mu duba.

Ta farko ita ce mai makunni da sifirin a ciki. Idan ka taka feda da ƙarfin da ya rinjayi sifirin, sai makunnin ya haɗu. Ita ce mafi araha, kuma haɗa ta ba wuya. Matsalarta, tana da abin da ke motsi a ciki, kuma duk abin da ke motsi yana cinyewa. Ku tuna ƙurar hunturu a garuruwanmu da ruwan damina. Sannan dole ka san ko sandar giyarka turawa take yi ko ja a lokacin da kake ƙara giya, domin akwai ta turi, akwai ta ja. Ka sayo kishiyar taka, ka yi asarar kuɗinka.

Ta biyu ita ce mai auna nauyi. Wannan ba abin da ke motsi a cikinta. Wata siririyar waya ce manne a jikin ƙarfe. Idan ƙarfen ya ɗan miƙe ko ya matse, yadda lantarki ke ratsa ta sai ya canza, kwamfuta ta karanta. Ana iya saita yawan ƙarfin da za a sa kafin ta yanke wuta, kuma da yawansu suna jin turi da ja duka. A motocin tsere akan saka ta a kan sandar giya ko a cikin ƙululun da direba ke riƙewa. Ta fi tsada, kuma tana son mai saiti da ya san aikinsa.

Ta uku ita ce mai lura da matsayi. Ita ba ƙarfi take ji ba, tana duba inda sandar ko gangar giya ta kai ne, sau da yawa ta hanyar maganaɗisu. Amfaninta babba: tana gaya wa kwamfuta cewa giya ta gama shiga, sai a maido da wuta a daidai lokacin, ba da ƙiyasi ba. Shi ya sa a motocin tsere na gaske akan haɗa biyu: mai auna nauyi ta ce "yanke", mai lura da matsayi ta ce "maido".

Yanzu ga tambayoyin da za ka yi wa kanka kafin ka fitar da ko sisi.

Wane irin giyabos gare ka? Wannan ita ce uwar tambayoyi. Golf da Corolla da muke hawa, masu giyar hannu, giyabos ɗinsu yana da zobban da ke daidaita gudun giyoyi kafin su haɗu, kuma an gina su ne don a taka kuloci. Ka ce za ka riƙa cusa giya ba kuloci don ka sa sensa, zobban nan za ka cinye, ka koma gareji. Mota mai otomatik kuwa ba ta cikin zancen ma.

Ina za ka ɗaura ta? Yawancin sensocin nan a kan sandar da ke haɗa feda da giyabos ake saka su. Ƙananan baburanmu na kabu-kabu kuwa, fedarsu a kan ƙarfen giyabos take kai tsaye, babu wannan sandar.

Wa zai ƙidaya lokaci? Idan yankewar ta yi gajarta, giya ba za ta gama shiga ba, haƙora su riƙa gugar juna har su fara ɓallewa, wata rana giya ta riƙa fita da kanta. Idan ta yi tsawo, mashin ya dunkuya gaba sannan ya fizge ka. Ƙananan giyoyi sun fi son lokaci mai ɗan tsawo, manya kuma gajere. Makunnin ƙanen nan nawa ba shi da agogo ko kaɗan. Muddin ƙafarsa na kan feda, injin a mace yake.

A wace hanya za ka hau? Sensar da aka saita ta cika jin motsi, ramin titi kaɗai ya isa ya sa ta yanke wuta. Ka ɗauka kana hanyar Tsafe, ka fito za ka wuce tirela, ga wata mota tana tahowa, ƙafarka ta ɗan taɓa feda a cikin gargada, injin ya ɗauke. Filin tsere shimfiɗaɗɗe ne, ba mota mai zuwa ta gabanka, ga motar asibiti a gefe. Hanyar Bungudu zuwa Gusau fa?

Sai maganar ƙara, wadda ita ta kawo mu. Idan aka yanke wuta, fetur bai daina shiga ba, musamman a babur mai kafireto. Wannan ɗanyen man sai ya wuce cikin salansa mai zafi ya fashe a can. Ita ce tas ɗin da muka ji. A wata ƙasa abin burgewa ne ga ƴan kallo. A Zamfara kuwa, inda mutanen Tsafe da Bungudu da ƙauyukansu suka san ƙarar bindiga ba a fim ba, wannan ba wasa ba ne. Mun ga yadda a 2021 aka taƙaita zirga-zirgar babura, aka rufe layukan waya saboda tsaro. A irin wannan yanayi, ka tunkari shingen jami'an tsaro da dare mashin ɗinka yana harbi, wa zai tsaya tambayarka sunan sensa? Kuma mai hawan jini da ta faɗi saboda firgita, hakkinta yana wuyan wa?

Ni ban ga laifin sha'awar yaron nan ba, wallahi. Wanda ya kalli bidiyo ya gano wayar da ke kashe CDI da kansa, yana da kai. Abin da ya rasa shi ne mai koya masa. Yau motoci duk sun koma sensa da kwamfuta, kuma wanda ya iya karanta su ba ya rasa abinci. Muna da Jami'ar Tarayya a Gusau, da kwalejojin kimiyya da fasaha a Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, ga iyayen gidanmu bakanikai da masu rewaya a kowane gareji. Roƙona ga masu ruwa da tsaki shi ne a haɗa waɗannan yara da su, kuma a ware fili killatacce inda mai son gwaji zai yi da hular kwano, ba a tsakiyar kasuwa ko ranar ɗaurin aure ba.

Shi ƙanen nawa ya cire makunnin a gabanmu, ya je ya ba mai ƙosai haƙuri. Yanzu yana zuwa wajen wani mai rewaya bayan makaranta.

Bakanikan da ke bibiyar wannan shafi, ku gaya mana abin da kuke gani a giyabos ɗin yaran da ke canji ba kuloci. Ku tura wa duk wanda kuka san yana da wannan sha'awa. Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya zaunar da jiharmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.