Kunzugun Jariri Na Yoyo? A Duba Bakin Cinya Tukuna

Tun da kaya suka yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin mai a 2023, iyaye mata da dama sun rage sayen famfas, sun koma wa kunzugun yadi. Wata ta yanka tsohon tawul, wata ta sayo yadin auduga a Kantin Kwari ta hau keken ɗinki da kanta. Dabara ce mai kyau, sai dai kuka ɗaya ake yi: fitsari na tsiyayowa ta gefe, zanin goyo ya jiƙe sharkaf. Sai uwa ta ƙara ninki, ta ɗaure ƙugu tamau. Ninkin ba ya tsayar da yoyon, ɗaurin kuwa cutar da yaro yake yi.

Galibin yoyo daga bakin cinya yake fitowa. Yara ba jikinsu ɗaya ba. Wani cinyarsa ɓul-ɓul, wani siririya, ko da kwanan haihuwarsu ɗaya. Don haka kwalin yankan kunzugu da maƙwabciya ta ara miki, jikin ɗanta aka auna aka yanka shi. Ɗauki tef ki auna wuri uku: ƙugu, kaurin cinya daidai inda ta haɗu da mara, sai tsawo daga ƙasan cibiya, ta tsakanin ƙafafu, zuwa ƙugu ta baya. Wannan na ukun shi aka fi mantawa, alhali in ya gaza, kashi ta baya zai ɓullo, in ya yi yawa kunzugun ya yi lako-lako, bakin cinya ya buɗe.

A kan kwali ake gyara, kafin almakashi ya taɓa yadi. In tsawon ne bai kai ba, raba kwalin gida biyu ta tsakiya, ki liƙa takarda a tsakani gwargwadon ƙarin da kike so. Kada ki ƙara a baki, siffar za ta lalace. In faɗi za ki taɓa, ninka kwalin biyu don dama da hagu su zo daidai, ki kuma tuna cewa rubu'in inci a kan ninki rabin inci ne idan an buɗe. Ki fara ɗinka guda ɗaya da tsohon zani, yaro ya yini da shi, kafin ki yanka dozin. Sabon yadin auduga kuwa yana tsukewa a wankin farko, sai a wanke shi ya bushe sannan a yanka.

Robar cinya ita ce zuciyar aikin. Ki ja ta yayin ɗinki yadda za ta tattare bakin, ki sa ta cikin kalmasa don kada ta goge fata. Bayan kin saka wa yaro, ɗaga ƙafarsa ki leƙa: in kin ga rami, rage tsawon robar, in ta bar jan shati mai zurfi da bai baje da wuri ba, ta matse. Yatsa ɗaya ya shiga ta cinya, biyu ta ƙugu.

Maimakon kunzugu mai kauri da zai kwana bai bushe ba, musamman da damina, gara a ɗinka mara nauyi, a riƙa sa ƙyallen tawul daban a ciki. Namiji gaba yake jiƙawa, sai a ninka ƙyallen ta gaba. Mace a tsakiya. Na sabon haihuwa a rage gabansa ya sauka ƙasan cibiya har ta faɗi, domin cibiya iska take so, jiƙa da fitsari na iya sa ta ruɓa.

Masu rufe kunzugu da leda ko wandon roba da rana tsaka a watannin bazara, ku yi hattara. Zafi da danshi ke haifar da ƙuraje a matsematsi. A sauya da zarar ya jiƙe, a ɗauraye sabulu tas, a shanya a rana. Ƙurajen da suka wuce kwana 3, ko suka fara ruwa, ko zazzaɓi ya biyo su, na asibiti ne, kada a tsaya barbaɗa hoda.