Angarib: Sana'ar Gadon Igiya a Omdurman

A gidan mutumin Sudan, da baƙo ya yi sallama sai a jawo masa angarib, a shimfiɗa tabarma ko 'yar katifa a kai, a ce masa bismillah. Angarib gado ne na itace mai ƙafa huɗu, tsakiyarsa saƙar igiya ko ta fata. Da hantsi yana ƙarƙashin rumfa ana shan gahawa a kansa. Da azahar an ja shi inda inuwa ta koma domin ƙailula. Da dare kuma an fito da shi tsakar gida a kwana a sarari, saboda ɗaki ba ya kwantuwa a lokacin bazara. Wannan yawon da gadon yake yi kullum shi ya shata wa masu sana'ar ƙa'idarsu: ya zama mutum ɗaya zai iya ɗaukarsa, kuma ya jure ja da ajiyewa shekara da shekaru.

Sana'ar ta daɗe ƙwarai a bakin Kogin Nilu. Tsakanin 1913 da 1916, wani masanin tarihi ɗan Amurka, George Reisner, ya yi tono a Karma da ke arewacin Sudan, cibiyar wata daula da ta yi zamani daga wajen shekara ta 2500 zuwa 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikin kaburburan ya tarar da mamata kwance a kan gadajen itace waɗanda aka sassaƙa ƙafafunsu da siffar ƙafar sa, aka yi wa allon wajen ƙafa ado da haure mai siffar dabbobi da tsuntsaye. Wanda ya ga ragowarsu, ya kuma ga angarib na yau, ba ya bukatar a gaya masa cewa tsatsonsu ɗaya.

Kafin yaƙin 2023, a babbar kasuwar Omdurman akwai sashen da aka sani da kasuwar angarib, kuma a nan ake ganin yadda aikin ya rabu biyu. Na farko na kafinta ne. Itacen da ya fi so shi ne wanda mutanen Sudan ke kira sunut, wato bagaruwa, wadda ke tsirowa a gaɓar Nilu. Tana da tauri, gara ba ta cika samun galaba a kanta ba. Gunduwa takwas kacal ake bukata: ƙafafu huɗu, dogayen sanduna biyu, gajeru biyu. Kafinta yakan fafe ramuka biyu a kan kowace ƙafa, ya fere bakin sandunan da gizago har su shiga daram. A tsohon tsari ba a sa ƙusa. Shi ya sa gwani ba ya taɓa ɗanyen itace, domin idan ya bushe bayan an haɗa, sai ramukan su saki, gadon ya riƙa kuka yana rawa. Ƙafafun na talaka sassaƙa ce kawai, amma na mai hali ana gurza su a inji su fito da ƙulli-ƙulli, a shafa musu launi.

Aiki na biyu na masaƙi ne, kuma a hannunsa daɗin gadon yake. Igiyar gargajiya ta kaba ce, wadda ake tufkawa daga ganyen goruba, sai kuma ta dabino. Mafi daraja ita ce ta fatar shanu da ake yankawa siri-siri. Da danshinta ake saƙa ta, domin tana bushewa tana tsukewa, har ta ɗaure firam ɗin gaba ɗaya. Masaƙi yakan ratsa igiyar a karkace, wata ta bi ta sama wata ta ƙasa, yana ja da dukan ƙarfinsa. Idan ya kusa wajen ƙafa sai ya bar fili, ya haɗa saƙar da sandar ƙarshe da wata igiya dabam mai kai-da-komo. Hikimar sana'ar tana nan. Duk ranar da gadon ya lotsa, mai gida zai kwance wannan igiyar, ya ja, ya sake ɗaurewa, gado ya miƙe. Idan saƙar ta tsufa kuma, a kira masaƙi ya sake ta, itacen yana nan yadda uba ya bar wa ɗa.

Abin da ya ɗaga darajar waɗannan mutane shi ne, babu wani babban al'amari na rayuwa da ake yi ba da aikin hannunsu ba. Mai jego a kan angarib take kwana arba'in ɗinta. A bikin aure akwai al'adar jirtig, inda ake zaunar da ango da amarya a kan jan angarib na musamman, an shimfiɗa jar tabarma, ga turaren wuta yana tashi, tsofaffin mata suna ɗaura musu kayan ado suna sa albarka. Ranar da ajali ya zo kuma, a kan angarib ake ɗaukar mamaci zuwa makwancinsa.

Zamani ya taɓa sana'ar. Gadon ƙarfe da masu walda ke yi, wanda ake saƙa wa igiyar roba mai launi-launi, ya fi araha, kuma ya cika gidaje. Sai dai ƙarfe yana ɗaukar zafi idan rana ta doke shi, roba kuma tana ƙonewa ta tsinke. Babbar musibar ita ce yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, wanda ya ɗaiɗaita Omdurman da kasuwarta, ya tarwatsa iyalai. Sana'ar da yaro ke koya a gaban ubansa ko ubangidansa, babu abin da ke cutar da ita kamar a raba su.

Hausawan Sudan, irin na Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, sun san wannan gado tun kaka da kakanni. Kayan aikinsa kuwa babu baƙo a ƙasar Hausa. Bagaruwa tana nan, kaba tana nan, majema da masu tufka suna nan. Kafintan da ke Kano ko Damagaram zai ƙaru idan ya nazarci aikin takwaransa na Omdurman, musamman haɗin da ba ƙusa da igiyar ɗamewa. A ƙasa mai zafi irin tamu, gadon da iska ke ratsawa, wanda ake gyarawa a gida ba tare da an sayi sabo ba, kaya ne da zai samu masu saye.