DAGA BIYANA ZUWA JOS: YADDA LABARIN HALITTA YA ZAMA WAƘA

Mutanenmu da neman abinci ya kawo Ikko da Badun da Fatakwal, musamman 'yan Jihar Filato, sun san cewa ranar Lahadi a garin Jos ranar waƙa ce. Cikin abubuwan da 'yan kwaya ke rerawa kuwa akwai labarin da Kirista da Musulmi duk suka sani, watau yadda Allah ya halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida. Amma ba kowa ya san wahalar da aka sha kafin wannan labari ya zauna daram a bakin mawaƙan Hausa ba.

A ƙasar Turai, wanda ya fi shahara wajen mai da labarin halitta waƙa shi ne Joseph Haydn, mutumin Ostiriya, wanda aka haifa a 1732 ya rasu a 1809. Ya je Landan a 1791, ya ji ɗaruruwan mawaƙa suna rera waƙoƙin Handel, abin ya shige shi ƙwarai. Daga baya ya duƙufa ya tsara tasa babbar waƙa mai suna Halitta, aka fara rera ta a birnin Biyana a 1798. Daga Littafin Farawa da Zabura aka ɗebo wasu daga cikin kalmominta.

Dabarar Haydn ita ce kiɗa ya bi ma'ana sau da ƙafa. Ya fara da amo mai ruɗani, ba kai ba gindi, don ya nuna duniya kafin a tsara ta. Sa'an nan mawaƙa su yi ƙasa-ƙasa da murya kamar masu raɗa, har a iso wurin da aka ambaci haske, sai dukan muryoyi da kayan kiɗa su ɓarke gaba ɗaya. In an zo kan zaki, a ji ruri a cikin kiɗan. In an zo kan tsutsa, kiɗan ya yi ta jan ciki. An ruwaito cewa a 1808, da aka ɗauko shi a kujera yana tsoho aka kawo shi wurin rerawa, da aka iso wurin hasken nan sai ya ɗaga hannu ya nuna sama.

To, yaya irin wannan waƙa ta murya huɗu ta hau tsaunukan Jos? Ta hannun 'yan mishan. Ƙungiyar S.U.M. ta sauka a Wase a 1904, S.I.M. kuma ta mai da Jos hedkwatarta. Da yake Birom da Angas da Irigwe da sauransu kowa da harshensa, sai Hausa ta zama harshen majami'a. An buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ga kuma Littafin Waƙoƙi, wanda galibin abin da ke ciki fassara ce daga Ingilishi. A makarantun mishan irin na Gindiri aka koya wa yara karanta waƙa da do-re-mi.

A nan gizo ya yi saƙar. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan jariri dabam, kukar miya dabam. Wuyan riga dabam, wuyar aiki dabam, hawa da saukar murya ne ke raba su. Karin waƙar Turawa kuwa ba ruwansa da wannan. Sai a ɗora kalmar Hausa a kan karin da aka tsara don Ingilishi, murya ta hau inda ya kamata ta sauka. Watau abin da Haydn ya kashe ƙarfinsa a kai, kiɗa ya fito da ma'ana, shi ne fassara ta birkita.

Waɗanda suka gyara wannan ɓaraka ba su je makarantar kiɗa ba. Matan Zumunta ne, da tulunsu da cakinsu, ɗaya ta ba da waƙa sauran su amsa, kamar yadda ake yi wurin daka ko gayya. Su kan bi labarin rana-rana, daga haske har zuwa Adamu da Hawwa'u, kari na bin magana. Da yawa daga 'yan mishan na farko sun ƙi jinin ganga a majami'a, amma ba wanda ya iya hana tulu. Ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda ta tashi a shekarun 1960, ta bi wannan hanya, ɗakin shirye-shiryen Muryar Bishara da ke Jos kuma ya riƙa aika waƙoƙin Hausa ana watsawa daga Adis Ababa, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977.

Yau abin damuwa shi ne jita da kibod sun mamaye majami'u da yawa, gida da nan Kudu. Masu iya koyar da do-re-mi suna tsufa, waƙoƙin mata kuwa yawancinsu a ka suke, ba a takarda ba. Shugabannin majami'un Hausa na ECWA da COCIN da ke Ikko da kewaye za su kyauta in suka sa matasa su zauna da tsofaffin matan Zumunta, su ɗauki muryoyinsu a waya, su kuma rubuta kalmomin.