Yadda Guringuntsin Gaɓoɓi Ke Lalacewa Da Yadda Jiki Ke Kare Shi

A ƙauyukan da ke kewaye da Dajin Falgore, da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji, sau da yawa mukan ji dattawa na kukan ciwon gwiwa, suna kiransa sanyin ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 528 ne ke fama da wannan amosanin gaɓɓai, kuma gwiwa ce ya fi kamawa.

Guringuntsi shi ne farin abu mai santsi da ke lulluɓe bakin ƙasusuwa domin kada su riƙa gugar juna. Jiki da kansa yana samar da wasu sinadarai masu narkar da tsohon guringuntsi, waɗanda masana ke kira MMP. A shekarar 1962 ne Jerome Gross da Charles Lapiere suka fara gano irinsu a wutsiyar 'ya'yan kwaɗi. Haka kuma Allah Ya halitta wa jiki wasu sinadarai iri huɗu, masu suna TIMP, waɗanda ke manne wa masu narkarwar su hana su wuce iyaka.

Matsala tana tasowa idan tsufa, ƙiba, tsohon targaɗe ko yawan ɗaukar kaya masu nauyi suka sa masu narkarwar suka rinjayi masu tsaron. Da yake guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, abin da ya zaizaye ba ya saurin komawa.

Har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana mayar da guringuntsin da ya ƙare. Saboda haka muna jan hankalin jama'a da su guji haɗin ƙwayoyin da ake talla a kasuwannin ƙauye, domin yawan shan maganin kashe ciwo ba da izinin likita ba yana illata ciki da ƙoda. Rage ƙiba, tafiya a hankali kullum, da rarraba kaya maimakon ɗaukarsu lokaci guda suna rage wa gwiwa nauyi.

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su isar da wannan saƙo. Duk wanda gwiwarsa ta kumbura ko ta sage, ya garzaya asibiti mafi kusa, inda za a iya tura shi Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano idan akwai buƙata.