Taransifa zuwa Harvard da takwarorinta: ƙofar baya ta fi ta gaba ƙunci

A shekarar 1981 Barack Obama ya bar kwalejin Occidental da ke Los Angeles bayan shekara biyu, ya koma jami'ar Columbia, inda ya kammala digirinsa a 1983. Shi ma Donald Trump a jami'ar Fordham ya fara karatu, kafin ya koma jami'ar Pennsylvania a 1966. Irin waɗannan labarai ne ke sa ɗalibai da dama, har da 'yan Najeriya masu burin karatu a Amurka, ke ganin dabara ce mutum ya fara a ƙaramar makaranta, ya ci maki mai kyau, sannan ya yi taransifa zuwa babbar jami'a.

Dabarar tana aiki, amma ba ko'ina ba.

A Harvard, ɗalibai 1,500 ko fiye ne ke neman taransifa kowace shekara, waɗanda ake ɗauka kuwa ba su cika wuce 12 zuwa 15 ba. Wato ko mutum ɗaya cikin 100 bai kai ba. Masu nema daga sakandare kai tsaye, duk da tsananin gasar da ake yi, ana ɗaukar uku zuwa huɗu cikin 100.

Dalilin ba wani boyayyen abu ba ne. Gurbin taransifa yana samuwa ne idan wani ɗalibi ya bar makarantar, kuma da wuya wanda ya shiga Harvard ko Yale ya tattara kayansa ya tafi. Kusan duk 'yan aji ɗaya suna dawowa aji biyu. Ga kuma batun ɗakin kwana, tunda mafi yawan ɗaliban a cikin makaranta suke zama. A 2008 Harvard ta dakatar da karɓar 'yan taransifa na shekara biyu saboda cunkoso a gidajen kwanan ɗalibai. Princeton ma ta rufe ƙofar tun 1990, sai a 2018 ta sake buɗewa, inda ta ɗauki mutum 13 daga cikin sama da 1,400. Kuma ta bayyana waɗanda ta fi nema: tsofaffin sojojin Amurka, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, da ɗaliban kwalejojin shekara biyu.

Saboda haka wanda Harvard ta ƙi shi bara, yana tunanin bana zai bi ta baya, layin da ya fi tsawo ya shiga.

Inda lissafin ya juye

A jihar Kalifoniya abin ya sha bamban. Tun 1960 jihar ta tsara ilimin gaba da sakandare ta yadda ɗalibi zai yi shekara biyu a kwaleji mai sauƙin kuɗi kusa da gida, sannan ya ƙarasa sauran biyun a jami'a. Akwai irin waɗannan kwalejoji fiye da 100 a jihar, kuma jami'o'in suna ware musu gurabe tun daga farko, ba sai wani ya fita ba.

Shi ya sa UCLA, wadda ke ɗaukar kusan kashi 9 cikin 100 na masu nema daga sakandare, take ɗaukar sama da kashi 20 na masu neman taransifa. Dubban ɗalibai ne duk shekara, haka ma Berkeley. Sai dai fiye da tara cikin goma na waɗanda UCLA ke ɗauka daga kwalejojin Kalifoniya suke fitowa. Ɗalibin aji biyu a Jami'ar Bayero ko ABU Zariya da ya ga wannan kashi 20 ɗin, kada ya yi saurin murna, domin ba da shi aka yi lissafin ba.

Akwai ma wani shiri da ake kira TAG, wanda ke ba ɗalibin kwalejin jihar tabbacin gurbi idan ya cika sharuɗɗa. Rassa shida na Jami'ar Kalifoniya ne ke cikinsa, ban da Berkeley da UCLA da San Diego, wato ukun da aka fi rububi. A cikin jami'o'in Ivy League kuwa, Cornell ce ta fi sakin hannu, tana ɗaukar ɗaruruwa a shekara.

Sharuɗɗan da ke fitar da mutum tun kafin a duba makinsa

Harvard tana so mai nema ya kammala aƙalla shekara ɗaya a wata jami'a, kuma kada ya wuce biyu. Wanda ya shiga aji uku ya makara. Tana kuma so karatun da ya yi ya yi kama da nata, don haka wanda ya fito daga makarantar koyon sana'a ko fasaha zalla, ko ya yi karatu ta intanet, yawanci ba ya cikin waɗanda ake dubawa. Wannan sharaɗi yana iya shafar mai difloma daga foliteknik, wanda a gida ya saba ganin ana shiga aji biyu da ita ta hanyar DE.

Maki mai kyau kuma shi ne mafi ƙarancin abin da ake tsammani, tunda kusan duk masu nema suna da shi. Abin da masu tantancewa ke son ji shi ne wane darasi, wane fanni ko wane ɗakin bincike ne ɗalibin yake buƙata wanda babu a inda yake. Cewa sunan jami'ar ya fi girma ba hujja ba ce. Ana kuma neman wasiƙun shaida daga malaman jami'ar da yake ciki, wanda ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda ke ɗaukar lakca a aji mai mutum ɗari biyar, malami bai ma san fuskarsa ba.

Sai kuɗi. Harvard da Princeton suna ba 'yan ƙasashen waje tallafi gwargwadon buƙatarsu, amma su ne masu ɗaukar mutane ƙalilan. UCLA da Berkeley masu yalwar gurabe na gwamnatin jiha ne, tallafinsu na 'yan jihar ne, baƙo kuma zai biya dubban daloli a shekara, ya kuma nuna shaidar yana da kuɗin kafin a ba shi takardar neman biza.

Wanda ya karkata zuwa Ingila ma ba zai samu sauƙi ba: Oxford ba ta karɓar taransifa a digirin farko, duk mai so sai ya nema daga aji ɗaya. Ga mai niyyar gwada Amurka, Harvard da Princeton suna rufe karɓar takardu ranar 1 ga Maris, Jami'ar Kalifoniya kuma tun wajen ƙarshen Nuwamba na shekarar da ta gabata.