Wa Ke Cin Ribar Rami?

A watan Janairun 2014 tashar History ta Amurka ta fara nuna wani shiri mai suna The Curse of Oak Island, kuma har ya haura zango goma ba a kai ƙarshensa ba. Wasu 'yan'uwa biyu ne daga jihar Michigan, Rick Lagina da ƙanensa Marty, suke tonon wani ɗan tsibiri a gaɓar Nova Scotia ta ƙasar Kanada, wanda faɗinsa bai wuce eka 140 ba, suna neman dukiyar da aka ce an binne a can. An kawo manyan injinan haƙa, an ɗauko masu nutso, an datse ruwan teku da bangon ƙarfe, an zura kyamara cikin ramuka. Abin da aka samu zuwa yanzu shi ne maɓallan riga, da tsoffin kwabbai, da ƙusoshi, da guntayen katako, da wani ɗan gicciye na dalma da aka tsinta a 2017. Akwatin zinariya kuwa, shiru kake ji.

Wanda ya kalli shirin sau biyu ko uku zai gane salonsa. Ga Gary Drayton, Baturen Ingila mai na'urar gano ƙarfe, yana shara ta a kan ƙasa. Na'ura ta yi ƙara, a sa shebur, a fito da wani tsatsattsen ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba. Sai a matso da kyamara, kiɗa ya ɗauka, mai ba da labari ya tambaya ko wannan ƙarfen na 'yan fashin teku ne, ko kuwa na mayaƙan Turai ne na shekaru ɗari bakwai da suka wuce. Ba ya cewa nasu ne, tambaya kawai yake yi. Kafin a ba da amsa an tafi talla, in an dawo kuma an koma wani ramin.

Labarin da aka gina shirin a kansa ya ce a 1795 wani saurayi, Daniel McGinnis, ya ga ƙasa ta lotsa a gindin wata bishiya, shi da abokansa biyu suka yi ta tono suna cin karo da shimfiɗar itace duk bayan ƙafa goma. Daga baya wani kamfani ya kai ƙafa 90, aka ce an ga dutse mai rubutu, washegari ruwa ya cika ramin. Abin lura shi ne ba a buga wannan labari a takarda ba sai bayan kimanin shekara sittin, dutsen mai rubutu kuma ya ɓace, babu wanda ke da hotonsa. Masana ƙasa sun daɗe da cewa ƙarƙashin tsibirin irin dutsen nan ne da ruwa ke ci, yana barin kogo, ƙasa ta riƙa zurmawa da kanta. Masu binciken teku na cibiyar Woods Hole da suka duba wurin a 1995 sun danganta ruwan da ke cika ramukan da hawa da saukar teku, ba da wani tarko da mutum ya gina ba. Duk da haka mutane ba su fasa zuba kuɗi ba, har da Franklin Roosevelt a 1909, tun kafin ya zama shugaban Amurka. Tonon ya yi yawa har yanzu babu mai iya nuna maka takamaiman inda ramin farko yake. Masu neman dukiyar ne da hannunsu suka shafe hanyar.

Mutum shida suka mutu a wannan nema. Huɗu daga cikinsu rana ɗaya ne, 17 ga Agusta 1965: Robert Restall ya leƙa rami, iska mai guba ta buge shi ya faɗa, ɗansa ya bi shi, wasu biyu suka bi su don ceto, babu wanda ya fito da rai a cikin huɗun. Masu shirin suka ɗauki wannan musiba suka yi mata ado da camfin cewa sai mutum bakwai sun mutu dukiyar za ta bayyana. Daga nan sunan shirin ya samo la'anarsa.

Ni a ganina an riga an samu dukiyar tsibirin, kuma ba a ƙarƙashin ƙasa take ba. Tana wurin tashar da ke sayar da talla, da kamfanin da ke ɗaukar shirin, da masu kai baƙi yawon buɗe ido. Ranar da aka ce an tono akwatin, ko aka ce babu shi, ranar kasuwa ta tashi. Marty Lagina kuma attajiri ne tun kafin ya taka tsibirin, ya yi kuɗinsa a harkar mai da iskar gas. In rami ya ci masa miliyan, gobe zai karya kumallo yadda ya saba.

Mutumin Jibiya ba ya buƙatar Kanada kafin ya san wannan zazzaɓi. In ka wuce shingen kwastan na Magama ka kama hanyar Maraɗi, Ɗan Isa za ka tarar. A yankin nan ne, a Garin Liman, labari ya bazu a 2021 cewa zinariya ta fito, cikin ɗan lokaci dubban mutane suka cika wurin, har da 'yan Najeriya masu yawa. Sai a tuna halin da ake ciki a lokacin. Iyakar Jibiya tana rufe tun watan Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, don haka dako da lodi da ɗan cinikin bakin iyaka duk sun yi sanyi. 'Yan bindiga sun hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa. A ƙarshen damina ta wannan shekarar gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya. Saurayin da aka toshe wa gona da kasuwa, aka ce masa ga zinariya can tafiyar babur, ba sai an yi masa kiɗan talabijin ba. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu, hukumomin Nijar suka ba da umarnin rufe wurin.

Bambancin Garin Liman da tsibirin Oak shi ne a nan zinariyar gaskiya ce, kamar yadda take gaskiya a Jado, can arewacin Nijar, inda aka yi rububi tun daga Afrilun 2014 har gwamnati ta rufe wurin a 2017. Amma je ka tsaya a bakin rami a irin waɗannan wurare ka ƙirga masu karɓar kuɗi. Akwai mai sayar da jarkar ruwa, da mai shinkafa da wake, da mai cajin waya, da mai hayar na'urar gano ƙarfe, da mai injin niƙa dutse, da mai sayar da zaiba. Can gefe ga mai saye zaune da ɗan sikelinsa, shi ke faɗin nauyi, shi ke faɗin farashi. Akwai kuma ubangidan rami, wanda ke ciyar da ma'aikata ya saya musu diga da igiya, in an samu ya fara cire abin da ya kashe kafin a yi rabo. Dukkansu suna samu ko an dace ko ba a dace ba. Wanda ke ƙasa da tocila ɗaure a goshi, yana sara a durƙushe cikin loton da ba zai iya miƙewa ba, shi kaɗai ne ladansa ke rataye da sa'a. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ruftawar ma ba ta rasa dalili. Ana haƙa ramuka kusa da juna, kowa na bin jijiyar dutse ta ƙarƙashi, har lotuna su haɗu, ginshiƙin ƙasar da ke riƙe da sama ya sirance. Ba a tokare bango da katako, ƙasar da ta sha ruwan damina kuma nauyi gare ta. Sannan akwai kisan da ba ya ƙara. In aka sauke injin jan ruwa ko janareta cikin rami, hayaƙinsa ba shi da hanyar fita, mutum zai ji jiri kawai ya sulale. Abin da ya faru da iyalin Restall shi ke faruwa a rijiyoyinmu: na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya diro don ya ɗauko shi, a fitar da gawa biyu. Wanda zai shiga ceto sai da igiya a ƙugu, da mutane riƙe da ita a sama, bayan an hura iska cikin ramin.

Wata gubar kuma gida ake kai ta. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda dutsen zinariyar da ake dakawa a tsakar gida cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasa, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, kuma dalma in ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba ta cika sakinta ba.

Wannan na masu diga ke nan. Akwai kuma masu neman tukunyar da ba a haƙa da gumi, kuma ga su nan a kowane gari. Wani boka zai zo ya ce an nuna masa tukunyar zinariya a gindin tsamiyar gonarka, ko a ƙarƙashin ɗakin kakanka, aljani na gadinta. Sai an sayo turare mai tsada wanda shi kaɗai ya san inda ake sayarwa, sai baƙin bunsuru, sai a yi tono da tsakar dare, kada kowa ya yi magana, kada a gaya wa ko matar gida. In an tona ba a ga komai ba, ai wani ya yi tari, ko turaren bai isa ba, tukunyar ta matsa gaba. A nan ne nake ganin dangantakar bokan da masu shirin talabijin ta fi kusa. Dukkansu sun ƙera labarin da rashin samu ba ya kashe shi. Ruwa ya cika rami, shaida ce an gina tarko, ke nan akwai abin da ake ɓoyewa. An tona ba komai, shaida ce mai gadin ya fusata, ke nan akwai tukunya. Duk zancen da rashin nasara ke ƙara wa ƙarfi, a riƙe aljihu da kyau. Sharaɗin kada a gaya wa kowa kuma an sa shi ne don kada ka haɗu da mai cewa kai, wane, ka dawo hayyacinka.

Ba wai babu abin da aka binne ba ne. Malamanmu na fiƙihu sun san da shi, har suka ware masa hukunci. Abin da mutanen da suka gabaci Musulunci suka binne, wato rikazi, ana fitar da kashi ɗaya cikin biyar nasa. In kuwa akwai alamar na Musulmi ne, hukuncin tsintuwa ya hau kansa, sai an yi cigiya. Babu turare a ciki, babu yanka. Dokar ƙasa kuma ta fi haka tsauri: sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa, ko da a gonarka yake. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ko fitar da su waje ba tare da izini ba.

Kuma a ƙasar Katsina an taɓa tono irin abin da 'yan gidan Lagina ke mafarki. A Durɓi Ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani, akwai tuddan da aka daɗe ana cewa kaburburan sarakunan farko ne. A 1907 Baturen mulki H. R. Palmer ya buɗe wasu a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 masana daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi suka tona guda uku, suka sami 'yan kunne da kayan ado na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da mundayen tagulla, da duwatsun wuya, da wuri, da wata tasar ƙarfe irin ƙirar ƙasashen Larabawa. Daga baya aka kai kayan birnin Mainz aka gyara su, aka baje kolinsu a 2011. In da sikelin mai saye aka ɗora zinariyar nan, ba za ta sayi wani abin kirki ba. Amma da yake an auna inda kowane abu yake kwance, an rubuta, an gwada shekarunsa, sai ta tabbata cewa shekaru ɗari biyar zuwa ɗari bakwai da suka wuce masu mulkin wannan yanki suna cikin cinikin da ya ratsa Sahara, wurin da ke jikinsu ma daga tekun Indiya ya taso.

Sauran kayan tarihi ba su yi wannan sa'a ba. A shekarun 1990 masu tonon dare sun yi ta fitar da mutum-mutumin yumɓu daga ƙasar Nok da Kwatarkwashi da wasu wurare a arewa maso yamma, dillalai suna saye da arha, ana tsallakar da su iyaka zuwa kasuwannin Turai. Abin ya kai a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya, tare da na Bura a Nijar. A cikin jerin akwai wani rukuni da ake kira na Katsina. Sunan kawai ke gare su. Yawancinsu babu mai iya faɗin ƙauyen da aka tono su, ko zurfin da suke, ko abin da ke kwance kusa da su, domin wanda ya tona ya karɓi kuɗinsa ya mai da ƙasa, dillalin da ya saya kuma ba zai faɗi wurin ba don kada wani ya riga shi komawa.